Rigunan Aikin Mma Sauda

Kullum in ta idar da sallar asuba, Mma Sauda takan fito daga gidanta na Tompkinsville da tsohuwar jaka a kafaɗa, ta gangara bakin ruwa, ta hau jirgin fito zuwa Manhattan. Ba abinci ba ne a jakar. Rigunan aiki ne: fara ta gidan burodi, shuɗiya ta gidan wanki, koriya ta wani babban kanti a 125th Street, da hular raga da safar hannu. A cikin jirgin take zaɓar wadda za ta sa, gwargwadon wanda zai fara aiki a ranar, ko wanda aikinsa ke neman suɓucewa.

Ni tafinta ce a asibitin masu taɓin hankali inda aka ajiye mata tebur, teburin da ƙura ta fi ta zama a kai. Aikinta bai da wuyar faɗi. Mai ciwo ya ce yana son aiki, ta nemo masa, ta raka shi, ta sa riga irin tasa, ta tsaya gefensa tana yi yana yi har hannunsa ya faɗa, sannan ta janye a hankali. Manaja kaɗai ya san ko ita wace ce. Sauran ma'aikata da masu sayayya gani suke sabbin ma'aikata biyu ne aka ɗauka, kuma haka take so.

To, kun san mutanenmu da ido. Yau an gan ta tana jera gwangwani, wata mai zuwa tana linke zannuwan otal, bayan nan tana shara a gidan burodi. Matan Zongo 'yan'uwanta suka fara da tausayi: duk karatun da ta yi a Kumasi, ga shi ba ta iya riƙe aiki. Da aka gano tana shiga asibitinmu kusan kullum, sai magana ta sauya. Aka ce ai ita ma kan nata ba daidai yake ba. Aka daina ba ta jariri a wurin suna. In ta zauna, ta kusa da ita sai ta tuna tana da abin yi a kicin.

Abin ya ƙona mini rai har na tare ta a bakin lif, na ce ta buɗe baki ta faɗi aikinta mana.

"In na ce job coach ne ni, wanda ya tsaya kusa da ni fa, ya zama me?" in ji ta. "Kuma in na rantse ba ni da ciwon, na ce shame ne ke nan. Bar su, ƙanwata. Ban damu ba koraa, ko kaɗan."

Ƙarya ta yi mini, ta damu. Na sha ganin ta dawo daga biki idonta jawur. Amma ba ta taɓa wanke kanta ba.

Dalilin wannan taurin kai wani direba ne, mu kira shi Abdulai. A lokacinsa hukumomi biyu ne a kan mai irin ciwonsa, kuma ba sa ga maciji da juna. Ta lafiya ta ce ya zauna gida sai ya warware sarai kafin a yi zancen aiki. Ta samar wa naƙasassu aiki ta ce ya koma ya warware tukuna sannan ya dawo. Ya yi ta kai da kawo tsakaninsu kamar ƙwallo, yana zaune a ɗakin 'yan'uwa yana kallon bango, har suka gaji. Suka yi abin da muka saba yi: aka yi karo-karo, aka sayi tikitin tafiya ba dawowa, aka ce a gida za a yi masa magani. A can maganin da ya tafi da shi ya ƙare. Aka kai shi wani wuri a bayan gari aka sa masa mari a ƙafa. Bai yi shekara ba ya rasu. Mma Sauda ce ta riƙe masa jaka zuwa filin jirgi, don a lokacin ba ta da abin da za ta nuna wa danginsa.

Daga baya hukumomin suka amince su haɗa hannu, aka ɗauki hoto, aka yi tafi. Mma Sauda, ke ce kika sauko da wannan haɗin kai daga hoto zuwa ƙasa. Ke ce kike zama a bakin ofishin wannan har ya kira wancan. Ke ce aka yi wa laƙabi da mai naci a ofisoshin biyu, abu ɗaya da na taɓa ganin sun yarda a kai ba gardama.

Sai aka kawo mana Alkasim, kuma shi da kansa ya yarje mini in ambaci sunansa. Mutumin Tawa ne, yana sayar da jakunkuna a Canal Street tare da yayansa Habibou, har ciwon ya kama shi, ya riƙa jin muryoyi suna zaginsa daga cikin taron masu wucewa. Da aka sallame shi daga kwanciya, 'yan kasuwa sun riga sun fara karo-karon tikiti. Alkasim ya san labarin inda ake kai irinsa. A gaban likita ya kama gefen kujera yana ce mini, "Ki hwaɗa mishi kada su maishe ni. Ina iya aiki, wallahi ina iyawa."

Mma Sauda ta je Canal Street ta sami Habibou a bakin teburinsa. Na bi ta.

"Hajiya, mi kike so mu yi?" in ji shi. "Ɗan'uwana ne, ba ƙin shi nika yi ba. Amma shina zaune, ba travail, ba aikin yi, ba komi. Mun gaji."

"Ka ba ni zuwa babbar Sallah," ta ce. "In yana aiki ranar Sallah, ka bar maganar ticket. In ba ya yi, ba zan sake zuwa wurinka ba."

Habibou ya daɗe yana gyara jakunkunan da ba su buƙatar gyara, sannan ya ce ya yarda.

Ta samo masa aikin jera kaya a kantin 125th Street, ta sa koriyar riga ta tsaya gefensa. Abu ya yi kyau na ɗan lokaci, sannan ya lalace. Asibiti ya sa allurarsa ta wata-wata da safe, daidai lokacin aikinsa. Don tsoron kada a kore shi, sai ya ƙi zuwa allurar bai gaya wa kowa ba. Muryoyin suka dawo. Wata rana da hantsi, kanti cike da mutanenmu, ya ƙame a tsakiyar layi, katan ɗin kwalaben mai ya suɓuce daga hannunsa ya tarwatse. Kafin kowa ya juyo sosai, Mma Sauda ta durƙusa cikin man tana cewa da ƙarfi, "Sorry, sorry, hannuna ne, ni na yar!" Wata da ke wurin ta kai labari har Bronx kafin la'asar: ciwon Sauda ya tashi a kanti.

Sallah ta matso. Asibiti ya ce aikin ne ya yi masa nauyi, a dakatar. Ofishin aiki ya ce tunda ya kasa, za su rufe batunsa. Hanyar Abdulai ce sak, kuma tikiti na jira a ƙarshenta. Mma Sauda ta ƙi. Ta bi likita, ta bi jami'ar ofishin aiki, ta bi manajan kanti, har ta zaunar da su a ɗaki ɗaya, ta ba Alkasim kujera a cikinsu, ba a bakin ƙofa ba. Ni na yi tafinta. Ta ce kowa ya faɗi abin da zai faɗa a gaban mai ciwon. Da aka zo faɗa a gaban idonsa, sai baki ya yi nauyi. Aka mayar da allura yamma. Manaja ya mayar da shi ɗakin ajiya, inda babu hayaniya. Ranar Sallah, daga masallaci Alkasim ya wuce wurin aiki.

Kada ku ɗauka kullum haka take ƙarewa. Wasu sun bar aikin, wasu sun koma kwanciya, wasu an sa su a jirgi tana ji tana gani. Bana gwiwoyinta suka gaza, ta ajiye aiki, kuma har yau ba a ɗauki kowa a gurbinta ba.

Na shirya mata walima a wani zaure a Harlem. Waɗanda ta yi wa hidima ba su zo ba, kuma ban ga laifinsu ba, zuwan tonon asiri ne. Mata dai sun zo don shinkafa. Na ji wata tana tambaya, "Daga wanne ta yi retire, wanki ko burodi?" aka ƙyalƙyale da dariya.

Ana cikin ci sai ga Alkasim da koriyar rigarsa, Habibou na bayansa. Ya tsaya a tsakiyar zauren.

"Ni ne mai ciwon, ba ita ba," ya ce. "Ni na yar da kwalaben. Ina shan magani, ina aiki. Ku daina ce mata mahaukaciya."

Cokula suka tsaya. Mma Sauda ta dube shi, hawaye na zuba, ta dubi agogon bango, ta ce, "Ɗana, shift ɗinka bai ƙare ba. Koma kafin a neme ka."

Ya koma.

Mun gode, Mma Sauda, mai rufin asirin bayin Allah. Kin ba da sunanki don wasu su tsira da nasu. Allah ya saka miki, ya ba gwiwoyin nan sauƙi.

Ku kuma, a makon nan na ji ana sake zagayawa da zancen karo-karo a Canal Street, don wani ɗan'uwanmu da ya fara magana shi kaɗai. Kafin ku miƙa hannu aljihu, ku zo asibiti ku tambaye ni. Jakar tana rataye a bayan teburinta, rigunan a wanke suke, kuma za su shiga jikin kowa.