Ƙanzon da Ya Ci Mini Ido

A wancan lokacin ni mai sayar da abinci ce a bakin iyakar Jibiya, mace mai jiki da kaifin baki, wadda ba a gaya wa yadda za ta yi da tukunyarta. Rumfata tana gefen da manyan motoci ke jeruwa kafin a duba takardunsu, kuma direbobin Maraɗi sun san ni da soyayyar shinkafa mai karas da hanta. Da aka gano ina da ciwon suga, likita ta ja mini kunne cewa in zan ci shinkafa to kaɗan, da ganye mai yawa da wake ko ƙwai. Ni kuwa don nuna isa na ce na bar ta gaba ɗaya. Har ga Allah na ɗauka na bari, domin ban ƙara zuba ta a faranti ba.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne ɗanɗano. Kowace tukunya sai na ji gishirinta, in gyara in sake ji, kuma cokalin nawa ba ƙarami ba ne. In an kwashe, ƙanzon nan da ya sha mai ba na iya barinsa, sai in kankare ina ci a tsaye, ina korawa da lemon kwalba saboda zafin murhu. A ganina abin da aka ci a tsaye ba abinci ba ne. Maigidana, wanda ya yi dako a iyakar nan har bayansa ya gaza, ya sha cewa in je a auna ni, ina ce masa wadda ba ta cin shinkafa me za a auna mata. Ƙishirwa da yawan fitsari na ɗora wa zafin gari, da ganina ya fara hazo na ce hayaƙi ne.

Ran nan maigidan nawa ya kawo mini itace, ya tsaya a gabana, na tambaye shi na nawa zan zuba masa. Ban gane shi ba. Sai ya ajiye itacen ya kama hannuna a gaban mutane, abin da bai taɓa yi ba. A asibiti a Katsina aka ce idon hagu ya tafi, na dama za a iya ceto shi in na kiyaye. Da aka tambaye ni me nake ci, shi ya ambaci ƙanzon, murya ƙasa-ƙasa kamar mai neman gafarata. Na yi kuka sosai.

Yanzu shi ke yi mini ɗanɗano. Bawan Allah ba shi da harshe, kome aka ba shi ya yi daidai, direbobi na tsokanarsa yana dariya. Ni kuma ina zama in ci nawa a faranti, shinkafa kamar dunƙulen hannuna, sauran zogale da wake, in sha ruwa, in ɗan taka, ba na wasa da magani da awo.

Na koyi cewa rage abu da gaskiya ya fi rantsuwar barinsa. 'Yan'uwana masu girki da ke da wannan ciwo, jiki bai san ɗanɗano ba, duk abin da ya wuce maƙogwaro ci ne. Ido ɗaya ya rage mini, da shi nake kallon tsohon nan yana hura cokali, kuma ba zan ba da shi a kan ƙanzo ba.