Na Ga Na Rame, Sai Na Ɗauka Na Warke

Assalamu alaikum. Lokacin da wannan abu ya faru ina da shekara arba'in da 'yan kai, ina koyarwa a makarantar Islamiyyar da mahaifinmu ya bar mana a Yalwawa, cikin Dutse. Asalinmu mutanen Taura ne, kuma har yau mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana can tare da ƙannena masu noma. Tun ina saurayi ni mai jiki ne, malanta kuma ta ƙara min. Zama ne daga safe har la'asar, sannan babu suna ko walimar sauka a unguwa da ba za a ware wa Malam kwanonsa daban ba. Ban taɓa ɗaukar ƙiba da wani abu ba, tunda a wurinmu in mutum ya ajiye tumbi cewa ake hutu ya karɓe shi.

Barci ne ya fara damuna. Sai in tashi da asuba kamar wanda ya kwana yana dako, kaina yana sarawa, maƙogwarona a bushe. Da hantsi ina cikin biya wa manyan ɗalibai karatu sai in ji littafi ya zame daga hannuna. Mutane suka fara cewa ai Malam tsayuwar dare yake yi, shi ya sa. Ina jin maganar amma ban taɓa gyara ta ba, Allah ya yafe min, domin ta yi min daɗi. Maiɗakina ce kaɗai ta san gaskiya. Ta ce munsharina ta daɗe da sabawa da shi, amma yanzu yakan yanke ɗif, ƙirjina ya tsaya, can sai in zabura ina jan iska kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Na ce mata tsoronta ne ya yi yawa. Sai da ta kai ƙarata wurin yayana, wanda ba na iya yi wa musu, sannan na je asibiti.

Likita ya tarar jinina ya hau, ya tura ni Kano aka yi min gwajin barci. Da sakamako ya fito ya yi min bayani cewa in na yi barci hanyar iska ta maƙogwarona tana rufewa, jikina ya yi ta farkawa ba tare da na sani ba, kuma kitsen wuya yana cikin abin da ke matse ta. Ya rubuta min wata na'ura mai ɗan tiyo da abin rufe hanci, wadda ke hura iska a hankali don hanyar ta zauna a buɗe. Ya ce abu biyu za su tafi tare: na'urar kullum, da rage ƙiba sannu a hankali. Ya kuma nanata cewa ko na rame kada in ajiye ta sai an sake gwaji.

Makonnin farko na sha wuya da ita, amma da na saba sai na gane ashe shekaru na yi ban san daɗin barci ba. Na fara tattaki bayan sallar asuba, in nufi gindin duwatsu in dawo. Na bar lemon kwalba, malmalar tuwo biyu ta koma ɗaya, maiɗakina ta rage mai a miya. A wata huɗu wuyan rigunana ya saki, ciwon kai ya tafi, gyangyaɗi a aji ya zama labari.

Abin da ya ɓata min lissafi kunya ce. Wani baƙo ya ga na'urar a ɗakina, kafin mako ya zagayo magana ta watsu cewa Malam ba ya iya numfashi sai da inji. Ga kuma rama da ta fara nunawa. Aka riƙa zuwa duba ni ana yi min ya jiki da murya ƙasa-ƙasa, wasu na cewa ciwon suga ne, wasu na cewa hannu aka sa min. Sai na yi wa kaina fatawa: tunda kitse ne ya jawo injin, in na kore shi da sauri na huta da duka biyun. Na sayi wani garin shayi na rage ƙiba wurin mai magani a wata kasuwar ƙauye, na koma cin abinci sau ɗaya a rana. Shayin ba abin da yake yi sai tsuga min ciki. Cikin wata biyu na zube sosai, na ƙi komawa ranar da likita ya ba ni, na naɗe na'urar na ɗora a saman wadirof. Maiɗakina ta ce munsharin ya ragu, gaskiya ne, amma ɗaukewar numfashin tana nan. Na ce ni da jikina na fi ta sani. Ciwon kai ya dawo, na ɗora wa yunwa laifi.

Da kaka na tafi Taura in ɗauko Inna za a duba mata ido a Dutse. Ƙanena ya ce ya ga alamar gajiya a fuskata, bari ya tuƙa mu, na ce ya zauna ya ji da riɗinsa da ke shanye a gona. Muka taso bayan azahar, rana tana dukan mota, Inna tana gefena tana ba ni labarin amfanin bana. Na tuna mun wuce Jahun. Abin da na sake sani shi ne mota tana cikin wata gonar dawa, ta daki kututture ta karkace, manoma suna rugowa. Ni goshina ne kawai ya fashe. Inna kuwa ƙashin kafaɗarta ya karye.

A asibiti kowa ya zo sai ya ce ƙaddara ce, wataƙila taya ce ta yi faci, ni kuma na bar su a haka. Sai da ɗaki ya rage daga ni sai Inna, ta dube ni ta ce, "Malam, na ga idonka a rufe. Na kira ka sau biyu ba ka amsa ba." Ba ta faɗa wa kowa ba. Nan na zayyane mata komai, da na'urar, da shayin, da abin da nake gudun mutane su ce. Da na gama sai ta ce, "Waɗanda kake jin kunyar tasu, wanne ne a cikin motar?"

Na koma wurin likita kaina a ƙasa. Bai yi min faɗa ba. Gwaji ya nuna ramar ta rage matsalar amma ba ta kawar da ita ba, shayin kuma ya ƙone min ruwan jiki har ya fara taɓa ƙoda. Aka rage ƙarfin iskar na'urar daidai da sabon jikina, na zubar da garin, na koma cin abinci kamar mutum. Wani ɓangare na ƙibar ya dawo, sannan ta sake sauka a hankali ta hanyar da aka nuna min tun farko. Yau shekara biyu ke nan, ina tare da na'urata, in zan kwana a Taura tana cikin jakata. Ƙashin Inna ya haɗe, amma hannun ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa. Matar ƙanena ce ke ɗaura mata ɗankwali.

Na rubuto ne saboda masu irin ciwona, musamman waɗanda suka fara ganin sauƙi. Rage ƙiba yana taimakawa ƙwarai, ni shaida ne, amma sikeli ba ya gaya maka abin da ke faruwa a maƙogwaronka kana barci. Wanda yake kwana kusa da kai ya fi ka sani, ka saurare shi. Kada ka sallami kanka daga magani, wanda ya ɗora ka a kai shi zai sauke ka. Ka guji duk abin da aka ce zai narkar da kitsen shekara ashirin a wata guda. In kuwa kana jin barci da rana, don Allah ka miƙa wa wani makullin mota. Ni na ɗauka jikina kaɗai nake wasa da shi, sai ga shi wadda ta haife ni ce ta ɗauki raunin.