Ranar da na tare a ramin fandisho

Shekarun baya, lokacin da muka koma bayan gari ta wajen hanyar Mai'adua, unguwar tamu gonakin gero ce da aka yayyanka fuloti. Kowa ya saya sai ya ja katangarsa inda ransa ya so, ba mai tambayar ta ina maƙwabci zai fita. Hanya ɗaya ta rage mana zuwa titi, wani tsohon burtalin shanu. Ta nan keke napep ke shigowa ƙofar gida ya kai mahaifiyata asibiti, don ƙafafunta sun daina ɗaukarta.

Wata safiya na fito zan tafi ajin yaƙi da jahilci, ga furfura ga jaka kamar 'yar firamare, sai na tarar an haƙa ramin fandisho ya ratsa burtalin. Wani Alhaji ne ya sayi filin gefe, ya haɗa da hanyar. Ga shi nan tsaye a bakin ramin.

Na ce, "Alhaji, mu kuma ta ina?"

Ya ce, "Hajiya, ga lungu can, ku zagaya."

"Lungun da akuya mai ciki ba ta wucewa? Inna fa, a ka zan ɗauko ta?"

Ya ce shi dai yana da takarda. Na ce to takardar ta zo ta goya Inna.

Ban san sanda na koma na ɗauko tabarma da buta ba. Na faɗa ramin na zauna, na ce mai zuba kankare ya fara da ni. Jama'a, na sha rana, cinnaku suka yi biki a ƙafafuna. Maigidana ya zo yana, "Ki rufa mana asiri ki fito." Na ce, "Malam, koma ka ba Inna kokonta."

Wajen azahar aka kira mai unguwa. Tsohon ya dubi ramin, ya leƙa lungun, sannan ya ce, "Alhaji, ai kai ma nan za ka tare. Ba fata nake maka ba, amma ranar da ta Allah ta kasance, ta ina makara za ta fita? A tsaye za mu ɗauke ka?"

Alhaji ya cire hula ya mayar. Can ya ce wa birkila ya ja igiyar awon ginin baya.

Fitowa ta gagare ni, ƙafa ta yi tsami. Matan maƙwabta ne suka ciro ni kamar buhun gero.

Yau burtalin nan layi ne, ya haɗe da titi ta kai biyu. Wasu unguwannin da aka yi bayanmu kuwa kamar tulu suke, bakinsu ɗaya, mai naƙuda sai an tallabo ta zuwa bakin hanya. In na shiga irinsu har yanzu gabana faɗuwa yake, sai na dawo gida nake ajiyar zuciya. Inna ta daɗe bayan nan, kuma har Allah ya karɓi abarsa, a ƙofar gida keke ke tsayawa.