Ɓeran rumbu ya kusa kwanar da ni a Ƙanƙara

Jiya ina Ƙanƙara giyar motata ta ƙi canjawa. Ga la'asar ta yi, ga hanyar Faskari ba a bin ta da duhu.

Malam Sani mai gyaran wayoyin mota ya jona kwamfutarsa, ta nuna lambar matsalar solinoyid, abin da ke canja giya. Na ce a sayo sabo kawai.

Ya ce, "Alhaji, cewa ta yi wuta ba ta isa wurinsa, ba ta ce ya mutu ba. Ina motar ke kwana?"

Na ce, "Gindin rumbu."

Ya yi dariya, ya leƙa ƙarƙashi, sai ga waya ɓera ya gwaigwaye ta. Ya haɗa, na yi magariba a gida.

Allah Ya saka mashi da alheri. Ni dai yau kyanwa nake nema, wa ke da ita?