Tocila ta Bakwai

A ƙauyenmu, idan tocilar mutum ta mutu ba ya jefar da ita, gidana yake aiko da ita. Ba don in gyara a mayar masa ba, kowa ya san abin da ya shiga ɗakina ya shiga ke nan. Ni malamin firamare ne, ina kuma taɓa noma kamar kowa, amma abin da aka san ni da shi tun ina saurayi shi ne farke cikin tocila. Sai in sayo sabuwa fil a kasuwar Ɗambatta, tana haskenta lafiya lau, kafin la'asar na kwance ta, na cire ƙwan na sa wani, na sauya batir, na liƙe waya da dalma da ƙusar da na gasa a gawayi. Wani lokaci ta fi da haske. Sau da yawa kuma ba ta sake kamawa har abada. Matata ta ce ni kaɗai ta sani da ke sayo lafiyayye don ya yi jinyarsa. Na taɓa rubuta jarrabawar shiga makarantar kimiyya ban ci ba, ina jin tun daga ranar nake hucewa a kan tociloli.

Baba ya haddace Alƙur'ani tun kafin ya yi aure, amma bai taɓa yarda ya yi karatun tsakanin magariba da lisha da ka ba. Yana da wani na rubutun hannu da mahaifinsa ya rubuta, falle-falle ba ɗinki, a cikin gafakar fata da ta yi baƙi saboda shafa. Kullum in an sallame magariba sai ya zauna a soro kan buzunsa, ya kwance igiyar gafakar, ya ɗauki falle ya bi shi da yatsa, ya kife a gefe, ya ɗauki na gaba. Yakan ce duban rubutun ma ibada ne. Amma mu na gida mun san akwai ƙari a kan haka. Tsohon ya rasu Baba bai gama wayo ba, bai bar hoto ba, bai bar komai ba sai wannan. Baƙin tawadar nan da jan wasalin su ne fuskar ubansa da ya sani, kuma kullum sai ya gan ta kafin ya ci tuwo.

Ni ne ɗan fari, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. Ba ya ma yi mini magana kai tsaye sai dole. Idan yana son in ji abu, sai ya bari ina kusa ya faɗa wa bango. Inna kuwa ta fi shi, ita ko kallona ba ta cika yi ba, saƙonta ta bakin matata yake zuwa. Haka aka tashe mu, ban taɓa jin ciwonsa ba. Sai dai mai magana da bango yakan gajarta zance, sauran kuma a bar wa mai ji ya cike da hankalinsa.

Wata kaka, an gama shigo da gero da dawa, ina wucewa ta soro da buta a hannu, na ji ya ce wa bangon, "Fitilun yanzu ba su da haske."

Wallahi ji na yi kamar an kira ni aikin gwamnati. Shekara da shekaru ana yi mini dariya a majalisa, yau ga ranar da tarkacena zai yi amfani, kuma ga wa? A kwana biyu na haɗa ta farko. Gangar jikin ta wata tsohuwar tocilar ƙarfe ce, ƙwan kuma na ciro daga wata wayar hannu da ta faɗa rijiya aka tsamo. Na ajiye a gefen buzunsa, na koma bayan ƙofa na laɓe. Ya ɗauka a hannun hagu, ya kunna, ya matso da ita kusa da fallen. Can sai na ji, "Madalla. Ta fi waccan."

Shekarata arba'in da wani abu a lokacin, da 'ya'ya huɗu, amma na shiga gida ina murmushi kamar wanda aka ba kyautar ingarma. Ban ɓoye ba, kalmar nan ta yi mini daɗi, don ban saba jin irinta daga bakinsa ba.

Bayan 'yan makonni aka sake gaya wa bango cewa hasken ya ragu. Na ce batir ne, batiran yanzu duk ƙarya ne. Na haɗa ta biyu da ƙwai uku. Ta uku na sa mata gilashin wani tsohon tabarau don ya tattara hasken wuri ɗaya. Ta huɗu ta kama hayaƙi a hannuna kafin ta isa soro, ba ma sai mun yi maganarta ba. Kowacce ta iso, zai riƙe ta jim, ya ce ta fi waccan, in tafi ina jin kaina. Ko sau ɗaya ban tsaya na tambayi kaina me ya sa hasken da ke sa ni runtse ido yake raguwa a wurinsa ba.

Da sanyi ya shigo, matata ta kawo mini saƙo. Ta ce, "Inna ta ce a gaya maka, Malam yana laluben takalminsa da ƙafa in zai fita masallaci."

Na ce, "To ai dole, bakin soron nan duhu gare shi."

Washegari na kafa ƙwai a saman ƙofar, daidai inda yake ajiye takalman, na ja waya, na yi masa makunni da murfin kwalba. Da matata ta kai wa Inna labari, abin da ta ce kawai shi ne Allah ya yi albarka. Matata ta dube ni ta ce ita dai ba haka ta fahimci saƙon ba. Na ce mata harkar lantarki ba ta mata ba ce. Na bar jaki ina ta dukan taiki, har ina sa ran a yi mini sannu da aiki.

Ƙanena yana sayar da kayan waya a Kano, yakan zo gida jefi-jefi. Shi auta ne, don haka shi ke zama gwiwa da gwiwa da Baba, har ya tsokane shi su yi dariya. Da ya ji labarin fitilu, zuwansa na gaba sai ga shi da kwali. Wata ƙatuwar tocila ce mai hannu kamar na bokiti, da farantin sola a bayanta, da rediyo a cikinta, har waya tana yi wa caji.

Ya ce, "Yaya, ka huta da ƙona yatsu. Waɗanda suka ƙera jirgin sama su suka yi wannan. Dannawa kawai za a yi."

Na ce, "Abin da ba ka taɓa ganin cikinsa ba ai ba naka ba ne, aro ka yi. Ran da ta mutu wa za ka kai wa?"

"Kai mana," in ji shi. "Ka ƙarasa ta."

Baba ya karɓa, ya sa albarka, ya yi karatu da ita ranar. Amma ƙanena na komawa birni, na leƙa soro na ga tawa ta shida ce a hannunsa, ta kwalin tana jingine a lungu. A raina na ce ai gwani ya san gwani. Duk da haka ban saki jiki ba, don na gwada ta kwalin a ɓoye, kuma tsakani da Allah haskenta ya ba ni haushi. Sai na duƙufa a kan ta bakwai. Na yanko bututun roba irin na famfo, na jera batiran matacciyar kwamfuta guda huɗu a ciki, ƙwan kuwa na fitilar babur ne, na zagaye shi da gwangwanin madara da na goge da toka har yana ƙyalli. Munin ta ba a magana. Aibinta ɗaya, in ta yi minti kaɗan a kunne sai ta ɗau zafi, har sai da na naɗe mariƙin da robar tayar keke.

Gab da faɗuwar damina ƙanena ya dawo. Bayan sallar magariba muka tsaya a ƙofar gida, da wasu maƙwabta da suka ƙi wucewa don sun hango abin kallo. Muka haska kukar da ke bakin gonarmu. Tasa ta kai har reshen sama, ana ganin 'ya'yan kukar suna reto. Tawa ta tsaya a gindi. Da na ga haka sai na ce ai ba don kuka aka yi su ba, don karatu aka yi, a kai wa mai karatun ya yanke hukunci.

Muka shiga soro. Wajen miƙa tociloli gwiwata ta ture fallayen da ke gabansa suka zame, na yi maza na tattara na mayar. Baba ya riƙe ta ƙanena ya ɗan jima. Ya ajiye, ya riƙe tawa ya ɗan jima. Sannan ya ɗaga tawa ya ce, "Wannan ta fi."

Maƙwabta suka yi dariya, wani ya ce na gida ya ka da na kanti. Ni kuwa don daɗi sai na manta da kunya, na durƙusa dab da shi wai zan nuna masa inda makunnin yake. Rabon da in zauna kusa da shi haka tun ina yaro. Ya ɗauki falle ya ci gaba daga inda ya tsaya jiya, muryarsa ba gargada, yatsansa na tafiya daga dama zuwa hagu. Idona ya sauka a kan takardar. A juye take, ƙasa a sama. Ba ma ta wurin da yake karantawa ba ce, ni na cakuɗa su da na tattara. Ya kai ƙarshen shafin, ya kife, ya ɗauki na gaba, bai yi kuskuren wasali ko ɗaya ba. Hasken tocilata yana dukan takardar har tana ɗaukar ido.

Na taɓa ƙanena na nuna masa. Da mutane suka watse, shi ya tambaya.

"Baba, kana ganin rubutun nan kuwa?"

Baba ya ce, "Da kaka ina ganinsa kamar jerin tururuwa. Daga sanyi ban ƙara gani ba."

"To yaya aka yi ka ce ta Yaya ta fi?"

"Ta fi ɗumi. Taka ban san ko a kunne take ko a kashe ba."

"Haba Baba, me ya hana ka faɗa?"

Ya juya wajen bango, ya ce, "An yi ta kawo fitila. Me mutum zai ce wa mai kawo masa fitila?"

Da safe muka shiga mota daga Ɗambatta zuwa asibitin ido a Kano. Likitar ta tambaye ni tun yaushe abin ya fara. Na buɗe baki in faɗi watanni, sai na tarar ban ƙirga watanni ba, tociloli na ƙirga. Ta ce irin ciwon nan ne da ke cin jijiyar ido a hankali ba tare da zafi ba, abin da ya ci ba ya dawowa, da an zo da wuri da maganin ɗigawa ya riƙe sauran. Ta ciro wata 'yar tocila siririya kamar biro ta haska cikin idonsa, idon bai ko ƙifta ba. Abin da ba zan yafe wa kaina ba shi ne, a daidai wannan lokacin, na kama kaina ina tunanin wane irin ƙwai ne a cikinta.

Tocilar ƙanena tana nan har yau, Inna ke duba awaki da ita tana sauraron rediyo, ba ta taɓa ko tari ba. Ni ma ba zan yi ƙaryar cewa na tuba ba, har yanzu in na ga tocila hannuna yana ƙaiƙayi. Sai dai kullum da la'asar nakan yi alwala in jera wa Baba fallayen daidai, kowanne kansa a sama, ko da yake ni kaɗai zan san bambancin. In an sallame magariba sai ya zauna kan buzu, ya kwance gafaka, ya kunna ta bakwai, ya jira ta yi ɗumi a tafinsa, sannan ya yi bisimilla ya ɗora yatsa.

Ran nan aikin makaranta ya riƙe ni, na manta ban kai ta caji ba. Ina zaune a bakin soro ya danna makunnin, ya riƙe ta, ya daɗe yana jira. Sannan ya ce wa bango, "Yau ba haske." Ya mayar da fallen cikin gafaka, ya ɗaure igiyar.