Illo Mai Rediyo da Darar Kawu Ashiru

Kafin masunta su fito daga tabki da kamun safe, Illo ya riga ya ɗage asabarin rumfarsa a bakin kasuwar Madarumfa. Zai hura gawayi a ɗan kasko, ya tura ƙarfen liƙi a ciki, ya jera rediyoyin mutane bisa tabarma kamar masu jiran likita. Haka muka san shi tun tele ba ta shigo gidaje ba. Bana idonsa ya gaza, Illo zai naɗe tabarmar. Babu mai zuwa daga Maraɗi ya rataya masa lambar yabo, mu ma ba mu jira ba. Da bakinmu za mu faɗa.

Duk wanda ya taɓa zama gindin tsamiyar tasha ya san kawunsa Ashiru, gwanin darar da mutanen Gabi ke tahowa takanas ya cinye su, su koma suna ba da labari. Sai ciwon karkarwa ya kama masa hannuwa. In ya ɗauki tsinke zai sa a gurbi, sai ya rushe na kusa da shi. Ran nan Alhaji Hamisu, mai shigo da kayan lantarki daga Jibiya, ya ce masa a bainar jama'a: "Kawu, ka huta haka nan. Dara ta masu hannu ce." Tsohon ya shige gida bai ƙara fitowa ba, abinci ma sai an yi da gaske yake ci. Maganar ta yi wa Illo zafi ƙwarai.

A shagon Alhajin akwai akwatin wasan yara da ake haɗawa da tele, mai madannai irin na mashin ɗin rubutu. Illo ya lura ana iya rubuta masa umarni ya bi, amma da an kashe shi komai ya goge. Ya sayi ɗaya, ya fara kwance kusoshinsa tun a gaban mai shagon.

"Kai Illo, kak ka ɓalle takardar hatimin ga!" in ji Alhaji. "Masu ƙera shi sun ce ba a buɗewa. Kaset ɗinsu kaɗai shika ci."

"Alhaji, yanzu akwatin ga na wa ne? Tun da ya shigo hannuna, abin da nika so shi za ya yi."

Ya farke cikinsa, ya liƙa waya biyu zuwa rediyo mai kaset, yadda abin da ya rubuta zai zauna a kaset na waƙa. Ya yanke abin riƙewar yaran, ya haɗa wayoyinsa da katakai da fedar tsohon keken ɗinki, don a taka da ƙafa. Rubutun kuwa, misalan da suka zo cikin kwali ya riƙa kwafa yana canzawa yana duban abin da zai fito. Rani guda ya cinye kafin guraben dara su bayyana a fuskar tele.

Sai matarsa Rabi ta tashi aika wa ƙanenta da ke ci-rani a Kano saƙon murya, kamar yadda kowa ke yi, ga mota tana shirin tashi. Ta sa wani kaset ta ji ba komai sai kuka irin na gyare, ta ce ai wannan ya lalace. Ta naɗi gaisuwarta a kai, ta ba direba, ashe kaset ɗin darar Illo ne. Gari ya ɗauki dariya, Alhaji yana cewa darar Illo ta tafi ci-rani. Rabi ta yi ta kuka. Illo ya dube ta ya ce: "Kin dai gaishe min da shi ko?" Washegari ya koma farko. Da ya gama a karo na biyu, ya ɓalle kunnuwan kaset ɗin don kada a sake naɗar komai a kansa.

Wata la'asar ya ɗora tele da batirin mota a amalanke, ya riƙo kawunsa har gindin tsamiya. Alhaji ya taɓe baki ya ce shi ba ya wasan yara.

"Zamna, Hamisu," in ji Kawu Ashiru, yana tuɓe takalmi. "Ka ce ta masu hannu ce. Yau ƙahwa za ta ci ka."

Alhaji ya zauna, ga hannuwansa lafiya lau a kan madannai. Tsohon yana taka katako, hannunsa na rawa a cinya, ƴaƴan dararsa suna jeruwa uku-uku a fuskar tele. Bai bar wa Alhaji abin kirki ba. Da aka tashi, Kawu ya ce a kawo masa fura, yunwa yake ji. Mutane da yawa sun share hawaye a wurin, ba su kuma ji kunya ba.

Kai ne, Illo, mai buɗe abin da aka ce kada a buɗe. An kawo mana akwati mai wasan wasu, ka sa shi ya yi namu, ka mai da dattijo mazauninsa. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ba idonka sauƙi. Ku kuma masu gyara da ke tasowa, in an ce muku ba a taɓawa, ku je tasha bayan la'asar. Har gobe Kawu Ashiru yana can ba takalmi, yana neman wanda zai zauna.