Na Taya Mota Kamar Doya

Karatuna na boko bai wuce aji uku ba, shi ma rabinsa a bayan taga na yi shi. Amma ciniki kam, manoman doya na Garatu sun san ni. Ba na zuwa saye da riga mai kyau, ba na yabon kaya, in aka ce mini albarka kuwa sai in kaɗe riga in tafi. Kafin in kai bakin titi za a ƙwala mini kira.

Da furfura ta cinye gemuna, sai na ce kafin in mutu zan hau mota sabuwa fil, wadda babu Baturen da ya taɓa yi mata tusa a kujera. Na sayar da filina, na haɗa da abin da doya ta bari.

Na saka tsohuwar taguwa da silifas, na nufi wani wurin sayar da motoci a hanyar Chanchaga. Manajan Banufe ne, ni kuwa kakana daga Katsina jirgin ƙasa ya kawo shi, don haka tun a gaisuwa muka fara tsiya.

"Bakatsine, bara ka zo ko kallo?"

"Ubangidanka ne ya zo sayen mota. Tashi ka ba ni kujera."

Ya nuna mini wata fara, kujerunta duk da leda. Nan take ta shiga raina, amma na taɓe baki. Na shuri taya, na ce fentin ya cika haske, ƙofar kuma ta yi nauyi. Ya faɗi kuɗi, kusan daidai da abin da ke hannuna. Na taya rabi.

"Baba, bar wasa," in ji shi. "Ka biya yau. Farashin nan dala yake bi, ni ma ba ni da iko da shi."

Na sha jin irin wannan daga bakin masu doya. Na kaɗe riga na fita. A bakin get na rage sauri, har na durƙusa ina gyaran silifas ɗin da ba abin da ya same shi. Shiru. Na ce a raina wannan Banufe akwai taurin kai, amma na bar masa lambar wayata, zai bugo.

Na koma gida Limawa na kasa kunne. Ko masallaci zan je sai na duba waya. Bai bugo ba.

Bayan 'yan makonni, da haƙurina ya ƙare na koma, wannan karon da babbar riga. Aka ba ni kujera da ruwan sanyi, ana ta Alhaji. Motar tana nan inda na bar ta. Na ce na yarda, a ba ni a yadda aka faɗa.

Manajan bai yi tsiya ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya ce a hankali, "Baba, dala ta tashi, wancan kuɗin yanzu ko ta hannu mai kyau da ƙyar."

Filin da na sayar kuwa, wanda ya saya har ya zuba bulo.

Da na isa gida na tarar da magini ya gama fasa katanga, inda na ce a yi wa mota ɗaki. Ya share gumi, ya ce, "Baba, get ɗin wane faɗi za a yi?"

Na ce ya kwaɓa siminti ya toshe. Na ƙara da cewa iska tana shigo mini da awakin maƙwabta.